Tuwon Gayyar Babana

Ni kaɗai ne namiji a ɗakin innata, kuma ni ne auta, a bayan mata huɗu. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san gatan da nake nufi. Har na gama firamare ban taɓa wanke kwanon da na ci abinci a ciki ba. In na ƙoshi sai in ture shi da ƙafa, ɗaya daga cikin yayyena ta zo ta ɗauka tana harara ta, kakata kuwa, wadda ta haifi babana, tana daga bakin ɗakinta tana cewa a ƙyale mata mijinta ya huta. Gajiyar me na yi, har yau ban gano ba.

Babana manomi ne a Kebbe, yana da gonar dawa da ta gero da 'yan shanun da ba ya son a ƙirga masa su. Bai ƙi boko ba, amma bai taɓa sakin jiki da shi ba. Kawuna, ƙanen innata da ke aiki a sakatariyar Tambuwal, shi ya dage sai an kai ni makarantar kwana ta maza da ke can. Ranar tafiya baba ya ɗaure akwatina a bayan mashin da hannunsa, ya ja igiyar ya gwada, sannan ya dube ni.

"Ka tahi, amma ka ji da kunnenka," in ji shi. "Na ga ɗiyan mutane sun shiga makarantun ga sun hito ba su noma, ba su kiwo, su ba maza ba su ba mata ba. Ran da nig ga alamar haka gare ka, karatu ya ƙare. Ga sanda can, shanu na jiranka."

Baba ba ya magana biyu. Na tafi da maganar nan a ƙirjina, hanyar Kebbe kuma ta yi ta jijjiga min ita har Tambuwal.

A makarantar akwai al'ada, duk sabon yaro ana haɗa shi da wani ɗan babban aji a ce shi ne uban ɗakinsa. In ka yi ƙazanta shi za a tuhuma, in zazzaɓi ya kama ka shi zai raka ka shan magani, in ka yi kukan gida shi zai zauna kusa da kai ya yi kamar bai gani ba. Nawa ɗan Dogon Daji ne, dogo siriri, ba ya gaggawar magana. Ranar farko da na gama cin abinci na ture kwanona da ƙafa yadda na saba, ya yi ta gangarawa har ya tsaya a gabansa. Ya kalli kwanon, ya kalle ni.

"Wa kaka jira?"

Na ce ba kowa.

"To shi kwanon kai yaka jira."

Na ɗauka na wanke, ya duba ya ce in sake, na sake, ya shinshina ya ce in sake. A makon nan da an miƙo min sandar kiwon da hannu biyu zan karɓa. Amma a hankali ya koya min wanki da ɗinkin maɓalli da guga da dutsen gawayi ba tare da na ƙone aljihun riga ba. Malamin noma ya ba kowa kunyarsa a gonar makaranta, ba ya duban ɗan wane ne kai, kunyarka kawai yake dubawa. Ran Asabar ana muhawara, a can na koyi tsayawa gaban jama'a ba tare da na tauna wuyan rigata ba. A ƙwallo gola aka sa ni, don ba wanda ya yarda ya ba ni ƙwallo a cikin fili. Kafin zango na biyu ya ƙare na so makarantar nan so na gaske, irin wanda in ka tuna za a iya raba ka da abu sai hankalinka ya tashi.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya, wato ranar muciya.

Shugaban makarantarmu gajeren mutum ne mai taurin kai, kuma yana da aƙida cewa namijin da ba zai iya ciyar da kansa ba rabin mutum ne. Saboda haka ya kafa doka, duk Alhamis da yamma masu dafa abinci su huta, gida ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibai ya shiga madafa ya tuƙa wa makaranta duka tuwon dawa. Ana zagayawa gida gida. Mutum ɗaya ake bari, tsohon kuku, shi ma ba ya taɓa komai, sai dai ya kifa turmi ya zauna da tsumagiyarsa yana ba da umarni.

Ranar da layi ya fara zuwa kan gidanmu na maƙale hannuwa a baya na ce ni ba zan taɓa muciya ba. Kakata ta sha gaya min cewa namijin da ya riƙe muciya gemu ba ya fito masa, ni kuwa na riga na sa rai da gemu. Na faɗi haka a gaban kowa. Tsohon kuku ya dube ni. Sai ya ɗaga hannu ya shafa nasa gemun, wanda ya sauko har ƙirji, fari fat, ya shafa daga sama har ƙasa, ya sake shafawa. Yara suka fashe da dariya. Uban ɗakina ya ɗauko muciyar, doguwa ce ta kusa kai tsawona, ya danƙa min.

Tuwon da muka yi ranar Allah ya yafe mana. Gari muka zazzaga a ruwa gaba ɗaya ba talge, muka yi ta kokawa da tukunya. In ka kai loma baki sai gudaji ya fashe, ɗanyen gari ya tashi a hanci. Makaranta duka ta ci, don babu wani, makaranta duka kuma ta san gidan da ya yi. Da safe muka tarar 'yan sauran gidaje sun tsince gudajin sun jera mana su a bakin ƙofa. Malamin lissafi da ya zo wucewa ya tsaya ya ce a tara masa, zai kai wa 'yan firamare su koyi ƙidaya.

Wulaƙancin nan shi ya haɗa kanmu. Kafin layi ya sake zagayowa mun zauna mun raba aiki. Masu ƙarfi su faskara itace, masu tsawo su ɗebo ruwa, wani ɗan cikin garin Tambuwal da ya taso a gindin murhun yayarsa ya karɓi miya, har da ɓoyo daddawa daga gida a cikin safa. Ni kuma, abin mamaki, sai aka gano ina da hannun tuƙi. Tsohon kuku ya koya min dama talge da ruwan sanyi, da barbaɗa gari kaɗan kaɗan, da yadda ake danna muciya da kafaɗa ba da wuyan hannu ba, da rufe tukunya a janye itace a bar tuwo ya sulala. In na yi daidai ya yi shiru, in na kuskure tsumagiya ta taɓa min ƙwauri. Malamin addini ma ya sa baki a darasi, ya ce taimakon iyali a aikin gida ba baƙon abu ba ne a Musulunci, mu ne muka mayar da shi baƙo. Kafin ƙarshen shekara in aka ce gidanmu ne da muciya, har malamai kan aiko da kwano.

Duk wannan ban faɗa wa kowa a Kebbe ba. Ina hauka zan faɗa?

Dogon hutu ya faɗo tsakiyar damina. Ciyawa ta fi ƙarfin gonar dawarmu, baba ya kira gayya, samari da magidanta daga unguwarmu da ta gaba, har da mai ganga. A gayya ba a biyan kowa, ladan mutane shi ne abinci, kuma da abincin ake auna mai gona. Wanda ya tara maza a gonarsa rana ta take tuwo bai iso ba, sai jikokinsa sun ji labari. Baba ya gaya min tun da wuri cewa a tsakiyar layi zai sa ni, kowa ya ga abin da boko ya bari a hannuna.

Sai dai kwana biyu kafin ranar, matan unguwarmu suka kwashe zuwa biki a wani ƙauye da ke ƙetaren rafi, har da yayata ɗaya da ta rage a gida, da niyyar su dawo a taya inna girki. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya batse, ba mashin ba ƙafa. Inna ta ce ba komai, garin dawa yana nan an niƙo, ita kaɗai ma ta isa.

Da hantsi, ina cikin layi ina ta noma ina jin idon baba a ƙeyata, sai ya ce in ruga gida in gani ko tuwo ya kusa. Na shiga gida na tarar da inna kwance a tabarma kusa da murhu. Ta sunkuya za ta ɗora babbar tukunya bayanta ya riƙe, ko juyi ba ta iyawa. Wuta ta mutu. Kakata na tsaye a kanta tana salati, hannuwanta na rawa irin ta tsufa, ita ko ludayi ba ta riƙewa ya tsaya. A unguwar ba wadda ta rage sai tsofaffi da wata mai jego.

"Tahi ka gaya ma ubanka," in ji kaka.

"Kar ka tahi," in ji inna. Hawaye ne a idonta, kuma na san ba na ciwon ba ne. "Bari in huta kaɗan, ina tashi."

Ta yunƙura, ta koma. Ban taɓa ganin innata ta kasa abu ba, sai ranar. Na tsaya ina kallon tukunya. In na koma gona na faɗa, gayya ta watse da yunwa, sunan babana ya shiga bakin duniya. In na tsaya na tuƙa, ga ni na gudu daga noma, ga ni a gindin murhu, alamu biyu ke nan a rana ɗaya, baba kuwa ɗaya ya ce yana jira.

Na tuɓe riga na hura wuta.

"Mi kaka yi?" in ji kaka.

"Kaka, tahi zaure ki zauna. Kowa ya zaka ki ce ba shiga."

Da ta ga na ɗauko muciya sai ta dafe kai. "Wayyo gemun mijina. Shi ke nan, na auri ɗan tasi." Ɗan tasi take kiran duk namijin da haɓarsa ke sulɓi. Amma ta tafi zauren, tana tafe tana mita, ta ja kujerarta ta tare ƙofa.

Inna ta fara ba ni umarni daga kwance, sa ruwa kaza, jira ya tafasa. Da ta ga na dama talge na zuba ba tare da ta faɗa ba, sai ta bar min girkin. Wanda ya saba da tukunyar makaranta, wadda sai an hau dutse ake leƙa cikinta, tukunyar gayya wasa ce a wurinsa. Na tuƙa, na rufe, na kaɗa miyar kuka yadda na ga abokina ɗan Tambuwal yana yi, na zuba man shanu ba tausayi. Kaka kan leƙo lokaci lokaci ta ce, "Allah shi isam min da makarantag ga," sannan ta shaƙi ƙamshi ta koma. Da na zo kwashewa ita ce ta fara miƙo kwanonta, wai za ta duba ko da guba.

A wurin kwashewa na yi kuskuren da ɗan makarantarmu kaɗai zai yi. Inna da mara take malmala tuwonta, ƙanana, sumul, kamar ƙwai. Mu kuwa a makaranta da gefen faranti muke yankawa, gunduma gunduma, mu danna rami a tsakiya don miya ta zauna. Hannuna ya yi abin da ya saba. Sai da na cika kwanuka na ga inna tana kallon su, ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa, don lokaci ya ƙure.

Na ɗora a kura na tura zuwa gona. Rana ta take, mutane sun fara waige. Baba ya dube ni kallo ɗaya, irin na za mu haɗu. Aka zauna a gindin kirya aka buɗe kwanuka.

Shiru ya ɗan yi, irin na masu ci da gaske. Sai yabo ya fara. Wannan ya ce tuwo ya yi danƙo, wancan ya ce ko gudaji ɗaya babu. Mai ganga ya share hannu ya ɗauki gangarsa ya shiga wasa uwargida mai hannun zinariya, wadda tuwonta ke sa rago ya nemi hauya. Ni ina gefe ina ɓoye hannuna, don talge ya fallatso min ya bar tabo. Wani dattijo maƙwabcinmu, kurma kurma ne, bai ma san mata sun tafi biki ba, ya ɗaga wata gunduma ya juya ta ya ce da babana da ƙarfi:

"Wanga ba hannun uwargida ba na, na san nata. In ɗiyag ga taka da tar rage ta tuƙa shi, to na yi ma ɗana kamu. Ko nawa ne sadaki mu biya."

Aka yi dariya ana cewa an ba shi. Na shaƙe da ruwan da nake sha. Baba bai yi dariya ba. Ya kalli ramin da ke tsakiyar tuwon, ya kalli idanuna da hayaƙi ya mayar jajaye, ya kalli hannun da nake ɓoyewa. Ya gama cin abincinsa tsaf, ya suɗe yatsu, ya ce, "Ɗauki hauyarka."

Na ɗauka. Na yi noman yammacin nan kamar wanda za a yanka gobe, ina tuna malamin noma da kunyarsa. Ban zo na ɗaya ba, amma ban bar dattijon da ke nema wa ɗansa aurena ya wuce ni ba.

Bayan magariba baba ya shiga ya duba inna, ya aika a kira mai gyaran targaɗe, sannan ya fito tsakar gida ya zauna.

"Wa yat tuƙa tuwon ga?"

"Ni ta," in ji kaka, ba ko kunya.

Baba ya dubi hannuwan mahaifiyarsa suna rawa a cinyarta. Ita ma ta dube su, ta cusa su cikin zane.

Na ce, "Ni na, baba."

"Can anka koya muku?"

"Can na."

"Da mi da mi kuma?"

Na lissafa masa, wanki, guga, ɗinki, noma, magana gaban mutane. Na so in tsaya a noma in daɗe, amma na kasa. Ya ce, "Hm," ya tashi ya fita masallaci. Na kwanta na tabbata na gama da Tambuwal. Na yi kukan da uban ɗakina ba ya nan balle ya yi kamar bai gani ba.

Da safe rafi bai janye ba, inna ba ta tashi ba, gida kuma sai an ci. Ina tsaye ina tunanin ko in taɓa murhu ko in bari, sai na ga baba ya shigo da itace a kafaɗa ya zube a gindin murhu. Bai dube ni ba. Ya wuce zaure, ya ce wa kaka ta koma ɗaki ta huta, ya ja kujerar ya zauna a bakin ƙofa da rediyonsa. Ina jin wani ya yi sallama, baba ya amsa ya ce a yi magana daga nan, mata ba su da lafiya. Haka muka yi har mata suka dawo. A kwanakin nan inna, daga kan tabarmarta, ta hana ni yankan faranti, ta sa na koyi riƙon mara da yawan kanwar da take sawa da irin wutar da take so, har hannuna ya bar na makaranta ya koma nata.

Maganar sanda ba a sake ta ba, ni kuma ban tambaya ba, wanda bai ji an kira sunansa ba ba ya amsawa. Ranar komawa makaranta baba ya ɗaure akwatina a bayan mashin, sannan ya koma ciki ya fito da ɗan buhun dawa ya ɗora a kai ya ja igiya.

"Ka kai ma tsohon da yak koya maka," in ji shi. "Kuma kar in ji maganag ga bakin kowa a Kebbe."

Ba wanda ya ji, sai dai dattijon nan ya yi ta aiko da tuni a kan kamun da ya yi, har yayata ta rasa abin da ta yi masa.

Gemu dai ya fito, amma tsilli tsilli, kuma kaka ta rasu tana cewa ai ta faɗa. Inna ma ta riga mu gidan gaskiya shekarun baya. Yanzu ina koyarwa a Tambuwal, ina zuwa Kebbe ƙarshen mako. Baba ya tsufa, jikoki mata sun cika gida, kowacce ta iya girki, amma tuwon kowa sai ya taɓa kaɗan ya ture. Ina isowa nakan gaishe shi in ajiye jaka. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya ja kujerarsa zuwa zaure, ya tare ƙofa.